Tsohuwar Ajiya, Kayan Yanka ko Sabuwar Ƙira: Wanne Za A Ɗaura Wa Tsohuwar Mota a Damagaram?

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar Peugeot 404 ko 504, ko Land Cruiser ta da, ko Land Rover, da niyyar tada ta ta koma kamar ranar da ta fito, hanya uku ce a gabansa wajen kayan gyara. Akwai tsohuwar ajiya, wato kayan da aka ƙera tun zamanin motar, ba a taɓa ɗaura su ba, suka yi shekara talatin ko arba'in kwance a mangaza ko ƙuryar shago. Akwai kayan yanka, waɗanda aka kwance daga jikin wata motar da ta mutu. Sai sabuwar ƙira, wadda ake bugawa yau a Turai, Turkiyya, Indiya ko Sin.

Mutane da yawa da zarar sun ga kwali mai tambarin zakin Peugeot ya sha ƙura sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai da tsohuwar zuma ake magani. A kan ƙarfe da gilashi maganarsu gaskiya ce. A kan roba kuwa, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan tunani na iya sa mutum ya taka birki a hanyar Tanut ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Abin da aka yi kayan da shi, shi ke nuna wace hanya za a bi, kuma mota guda takan buƙaci duka ukun.

A fara sanin motar kanta

Motocin da ke Damagaram gauraye suke. Wasu sun keto Sahara ta Tamanrasset, Arlit da Agadas a shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa ke tuƙo tsofaffin Peugeot daga Faransa su sayar a Nijar. Wasu kuma ƴan Kaduna ne, daga masana'antar haɗa Peugeot ta PAN da ta fara aiki a 1975, wadda ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daina ƙera mai but ɗin tun 1983. Ƙari a kan haka, da wuya ka sami wadda ba a taɓa canza mata inji ko akwatin giya ba. Saboda haka takardar mota ba ta isa hujja ba. A ɗaga bonet a karanta farantin kamfani, a goge jikin inji a karanta lambar da aka buga masa, a ɗauki hotonsu a waya kafin a taka zuwa kasuwa.

Injinan fetur na wannan dangi suna kama da juna ƙwarai a ido, amma cikinsu daban ne. Na 404, wato XC mai 1618 cc, faɗin silindarsa milimita 84 ne. XM na 504 mai 1796 cc shi ma 84 ne, sai dai tafiyar piston ɗinsa milimita 81 ce, ta XC kuwa 73. XN mai 1971 cc faɗinsa 88. Wanda ya sayi piston don kawai an ce masa "na Peugeot ne, 84 ne", zai iya kaiwa gida ya tarar ba na injinsa ba ne. Haka 504 kanta: samfurin GL tana da birkin faifai a ƙafa huɗu da ƙafafun baya masu cin gashin kansu, L da doguwar nan ta iyali da a-kori-kura kuwa aksil guda gare su a baya da birkin ganga. A Land Rover Series III (1971 zuwa 1985), injin 2.25 yana da mazaunin kusine (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai) uku har wajen 1980, daga baya ya koma biyar. A Land Cruiser ta gazuwal, irin BJ40 da HJ60, akwai masu lantarkin volt 12, akwai masu 24. Bujin ɗumama inji da sitata da altanato ba sa musanyuwa tsakaninsu.

Lambar kaya ita ce babbar shaida. Ta Peugeot ta wancan zamani lamba huɗu ce, ɗigo, sannan biyu: huɗun farko suna faɗin irin kayan, misali 1201 famfon ruwa, 0209 gasket ɗin kilas (kan inji), 1109 matatar bakin mai. Ta Toyota goma ce, biyar da biyar: 16100 famfon ruwa, 11115 gasket ɗin kilas. Rabin baya shi ke bambanta mota da mota, kuma a nan ake yin kuskure.

Inda tsohuwar ajiya ta fi kowa

Bushewar ƙasarmu alheri ce ga ƙarfe. Abin da da ya yi shekara goma a Kwatano ko Legas tsatsa ta cinye shi, a nan sai ka buɗe takardar mai maiƙo ka tarar da shi yana walƙiya. Piston da shamis (rigar cikin silinda) da zobba, kusine, bawul, haƙoran giya, sarƙar inji, sifirin, karanshaf, duk waɗannan ba sa tsufa a kwali muddin danshi bai taɓa su ba. Idan aka sami na asali, ya fi yawancin sabuwar ƙira ingancin ƙarfe da daidaiton awo. Nan ne wurin da ya cancanci a ƙara kuɗi ba tare da jin ciwo ba, domin buɗe inji sau biyu ya fi kowane piston tsada.

Sai dai a duba bayan kusine da kan piston. Idan an rubuta STD, awon asali ne. Idan an ga 0,30 ko 0,50 a kayan Peugeot, 0.25 ko 0.50 a na Toyota, 010 ko 020 a na Land Rover, to na injin da aka riga aka fere ne. Sau da yawa dalilin da ya sa kaya suka kwana a shago ke nan: awon da ba a cika nema ba ne, ko na wani samfurin da bai yawaita a nan ba, ko kuma wani ya saya ya maido. Tambayar "me ya sa wannan ya rage?" tana da amfani a kan kowane kwali. A zaro zobba ɗaya bayan ɗaya a duba ko tsatsa ta ɗiga musu. A haska cikin shamis da tocila. Tabon da yatsa bai ji ba ana iya goge shi, ramin da farce ya maƙale a ciki kuwa ya kashe shamis ɗin.

Fitilu, gilasan sigina, agogon mita, makullin sitiyari, tambari, ƙarafan ado masu ƙyalli: a nan tsohuwar ajiya ba ta da abokin gasa. Peugeot ba ita ke ƙera waɗannan da kanta ba, don haka sunan da za a nema a jiki shi ne Cibié ko SEV Marchal a fitila, Jaeger a agogo, Neiman a makulli, Ducellier ko Paris-Rhône a dalko da sitata, Solex ko Zenith a karbirato. Kwalin waɗannan kamfanoni daidai yake da na zaki, wani lokaci ma ya fi araha. Sabuwar fitilar 504 da ake bugawa yanzu takan zauna a mazauninta, amma sau da yawa gilashinta ba ya tara haske wuri guda, madubin cikinta kuma yakan dushe da wuri.

Akwai wata alama a gilashin fitila da mutane ba sa lura da ita. Da'ira mai harafin E da lamba tana faɗin ƙasar da ta amince da fitilar: E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Ingila. Kusa da ita, idan akwai kibiya mai nuna gefe guda, fitilar ta ƙasashen da ake tuƙi a hannun hagu ce, irin Ingila da Kenya. A titinmu za ta jefa haske cikin idon mai tahowa, ta bar gefen hanya cikin duhu, inda amalanke da dabbobi suke. Tamu ita ce marar kibiya, ko mai kibiya mai kai biyu. Masu Land Rover su suka fi faɗawa wannan tarko, har da akwatin sitiyari na hannun dama. Kada kuma a goge madubin cikin fitila da tsumma ko yatsa, fatarsa siririya ce ƙwarai, shafa ɗaya ke ɗauke ta.

Inda tsohuwar ajiya ke cuta

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 2230 ta ajiyar kayan roba ta ba robar itace shekara 5, robobin haɗi kuma irin nitril shekara 7, irin EPDM da silikon shekara 10, kafin a sake gwada su, kuma da sharaɗin wurin ajiya bai wuce digiri 25 ba, babu rana. A kwatanta da mangaza mai rufin kwano a unguwar Zango ko bayan Kasuwar Dole, wadda ta ga bazara talatin. Robar da ta kwana a irin wannan wuri sabuwa ce a suna kawai.

Saboda haka robobin cikin famfon birki da na ƙafafu, tiyon birki, tiyon ruwa, tiyon fetur, bel, sil ɗin karanshaf, fatar famfon fetur, robobin mazaunin inji, duk a saye su sababbi daga kamfani mai suna, a duba kwanan watan ƙira. Wanda ya matsa sai ya gwada tsohuwa, ya lanƙwasa ta biyu a cikin haske: idan ƙananan tsage-tsage suka bayyana, ko ta yi tauri har farce bai shiga ba, ko tana manne wa yatsa, ta mutu. Farin gari da ke fitowa a jikin roba ba laifi ba ne idan ya gogu kuma robar na da laushi, kakin kariya ne. Amma ko ta ci wannan jarrabawa, ba ma yarda a sa ta a birki.

Mafita mai kyau ita ce a haɗa biyun. Famfon birki na tsohuwar ajiya, Bendix ko Girling, gangar jikinsa ta fi ta sabo kyau. A kwance shi, a wanke da man birki ko barasar asibiti, a haska cikinsa, a zuba masa sababbin robobi. Kada fetur ko gazuwal ko bakin mai ya taɓa robar birki, kumbura take yi ta toshe ramin komawar mai, ƙafafu su riƙe. Haka karbirato: jikin Solex na asali da sabon gasket da sabuwar fatar famfon totur. A ɗora gindinsa a kan gilashi a ga ko ya kwanta daidai, domin ƙarfen da ake zuba shi da shi yakan karkace, ya riƙa shan iska, inji ya ƙi tsayawa a silo.

Famfon ruwa da boris mai rufi suna tsakiya. Giris ɗin ciki yakan bushe ya zama kamar sabulu, kuma ba a iya buɗewa a sake. A juya da hannu: idan akwai gargada ko tsayawa-tsayawa, a bari. Boris buɗaɗɗe kuwa a wanke shi da gazuwal, a duba ƙwallaye ko sun yi tabo, a cusa sabon giris, ya koma aiki lafiya. Amortisa mai rage girgizar mota, wadda a da Peugeot ke ƙerawa da kanta kuma ta yi suna a kanta, a tsayar da ita tsaye kwana guda, a ja a tura sau biyar ko shida. Idan akwai wurin da ta tafi fayau babu nauyi, ko sandar ta yi tsatsa, ko mai ya jiƙa wuyanta, ba ta da amfani. Kondansa na dalko da matatar mai ba su kai a yi musu wahala ba, sababbi sun fi. Gasket na kwalaba yakan tsuke saboda bushewa. Jiƙa shi a ruwan ɗumi na ƴan mintoci yakan maido shi. Gasket ɗin kilas kuwa sai wanda ya kwanta miƙe cikin ledarsa, zoben ƙarfensa babu tsatsa. Wanda aka rataye a ƙusa shekara da shekaru a bar wa mai shago.

Takalmin birki da faifan kuloci na da suna ɗauke da asbestos, wanda Faransa ta haramta daga 1 ga Janairun 1997 saboda ƙurarsa na haddasa cutar huhu da ciwon daji. Yaran garaji su ne ke shaƙar ta idan aka hura ganga da iska, don haka a jiƙa da ruwa a goge. Kuma takalmin da aka manna da gam ba a ɗaure da ƙusa ba, gam ɗin yakan saki bayan shekaru. Taya kuwa ba a ma tattauna ta: lambar DOT da ke gefen taya mai ƙarewa da lamba uku ta kafin shekarar 2000 ce, mai huɗu tana faɗin mako da shekara, misali 2319 mako na 23 a 2019.

Kayan yanka da sabuwar ƙira

Ƙofa, bonet, but, bamba, kujeru, gilashin gefe, kilas, akwatin giya, aksil: waɗannan a wurin masu yanka ake samun su, a garajojin gari, ko Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Jikin motar da ta rayu a nan ya fi na wadda ta zo daga bakin teku. A bi gindin ƙofa da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika da fila. Kilas a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lanƙwashe, a duba tsaga tsakanin mazaunin bawul. Aksil ɗin 404 mai but na da wani abu na daban: dunƙulen haƙori ne ke juya faifan tagulla, kuma mai na musamman yake sha. Yawancin na yanka an zuba musu man giya na gama-gari shekara da shekaru, tagullar ta cinye. A zubar da man a cikin kwano a duba. Idan yana ƙyalli ruwan zinariya, faifan ya tafi. Wanda ya sami wannan faifai a tsohuwar ajiya ya sami abu mai daraja.

Sabuwar ƙira hawa-hawa ce. Valeo, Bosch, SKF, NGK, Aisin, Koyo, Elring da makamantansu har yanzu suna buga abubuwa da dama na waɗannan motoci. L'Aventure Peugeot a Faransa na sayar da kayan tsofaffin samfura, Toyota ma ta sanar a 2021 cewa za ta sake ƙera wasu kayan Land Cruiser 40. Ƙasa da su akwai marasa suna, waɗanda ramukansu ba sa haɗuwa da na mota, robarsu kuma ba ta kai damina biyu.

Gane gangariya daga wanki

Yaudara iri biyu ce: tsohon kaya da aka wanke aka sa a kwali, da sabon jabu da aka sa wa tsohon suna. Abin da aka taɓa ɗaurawa ba ya ɓoyuwa. A duba bakin ramin noti, wasa yakan bar zagayen sawu. A duba kan sukurori ko sukudireba ta ci bakinsu. A shinshina karbirato da famfon fetur, warin tsohon mai ba ya fita. A girgiza sandar totur, sabuwa ba ta da wasa ko kaɗan. Fenti a kan zare ko a fuskar da inji ya fere alama ce ta an sabunta shi, kamfani ba ya fentin waɗannan wurare.

Kwali ma yana magana. "Made in W. Germany" na kafin haɗewar Jamus a 1990 ne. Sunan Valeo bai fara ba sai 1980, kafin nan Ferodo ne. Kwalin da aka ce na shekarun 1970 ne amma yana ɗauke da adireshin intanet, ƙarya ce. Kwalin da gara ta ci ba aibu ba ne, sai dai ƙasar da gara ke ɗorawa tana riƙe danshi, don haka gefen da ta taɓa shi za a fi dubawa. Lambar da ke jikin ƙarfe ta fi ta kwali ƙarfi, domin a tsofaffin shaguna kaya sukan sauya kwali.

Kuɗin da ya dace

Ma'auni shi ne farashin sabo mai suna idan ya iso Damagaram, da kuɗin mota da na kwastan. A ƙaddara sabon famfon birki mai kyau yana isowa a jika 30 na sefa, kayan robarsa kuma jika 8. Na tsohuwar ajiya bai kamata ya wuce jika 20 zuwa 22 ba, tunda sai an ƙara masa roba da aikin bakanike. Idan ƙarfe ne zalla kuma akwai sabonsa mai kyau, a ra'ayinmu daidai da sabon ko ɗan sama kaɗan ya isa. Inda babu sabo ko kaɗan, kamar fitilun baya da agogo da adon gaban 404, ko kayan 504 Coupé, ko famfon allurar fetur na Kugelfischer, a nan ne mai kaya ke da bakin magana.

Kayan 504 na gama-gari ba su da wuya, tunda an daɗe ana haɗa ta a Kaduna da Kenya da Ajantina, don haka kada a biya kuɗin abin tarihi a kan abin da ke cike da Kano. Hagu da dama tare sun fi guda biyu warwatse daraja. Saitin piston da ya rasa zobe ɗaya ko fil ɗaya ya faɗi ƙwarai, domin cikon sai an sayi wani saitin. Masu kaya yanzu sukan nuna farashin Turai a waya. Yuro ɗaya sefa 656 ne, lissafin ba wuya, amma wancan kuɗin da ake nema ne, ba lallai wanda aka biya ba, kuma a can akwai damar mayarwa. A nan ma a nemi wannan sharaɗi a gaban shaida: idan bai hau ba, a maido cikin kwana biyu ko uku, ba a ɓata ba. A tafi da tsohon da aka cire a jera su gefe da gefe, a ƙirga ramuka da haƙora.

Magada da suka buɗe mangazar mahaifinsu suka tarar da irin wannan kaya, kada su yi saurin kiran masu sayen ƙarfe a kilo. A ware roba gefe guda, ita ba ta da wani kuɗi. Sauran a bar kowanne cikin kwalinsa ko da ya yage, kada a kankare, kada a yi fenti, kada a cire takardar maiƙo. A ɗauki hoton lambar kwali da ta jikin ƙarfe, a rubuta a littafi, a kira tsohon bakanike da ya yi zamani da waɗannan motoci ya faɗi na wace ce. A ɗaga kayan daga ƙasa a kan katako saboda gara da ruwan damina, ƙarafan da suka tsiraita a shafa musu bakin mai sabo a naɗe da leda, fitilu kuma a kife su yadda ƙurar hunturu ba za ta shiga cikin madubin ba.